Faibagilas ko kabon faiba: da wanne zan naɗa jikin roka?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka naɗa bututun jikin rokarka da kanka a gida, mai faɗin inci 3, kuma injin ajin J za ka sa mata (da haruffa ake jera injinan roka gwargwadon ƙarfinsu), to tsakanin faibagilas da kabon faiba, wato yadin zaren gilas da yadin zaren kabon, wanne ya fi. In dai wannan ne naɗinka na farko, ni faibagilas zan ce maka.

Ba wai kabon bai da kyau ba ne. Wajen tauri, wato ƙin lanƙwasa, zarensa ya ninka na gilas kusan sau uku, kuma bai kai shi nauyi ba, shi wajen giram 1.8 ne a santimita kubik ɗaya, gilas kuwa wajen 2.5. Shi ya sa masu neman nisa sosai, waɗanda jikin rokarsu siriri ne har da kyar injin yake shiga, suke binsa duk da tsadarsa. Amma injin J a inci 3 gilas ya ishe shi har da ragi.

Abin da ya fi damuna da kabon a hannun sabon shiga shi ne baƙi ne, ya sha ifoksi (gam ɗin da ake jiƙa yadin da shi) bai sha ba duk baƙi kake gani. Shi kuwa yadin gilas fari ne, da zarar ya jiƙa sai ya koma garau har kana hango ledar da ka naɗa shi a kanta, duk inda ka ga ya rage fari-fari to nan bai sha ba, sai ka ƙara dangwala masa burushi tun gam ɗin bai kama ba. Wallahi wannan kaɗai ya isa dalili. Bututuna na farko na kabon a waje sumul yana ƙyalli, da na yanke bakinsa sai ga ninki biyu sun rabu har farcena yana shiga tsakani, yadi mai tsada haka ya tafi a banza kuma ban ga komai ba lokacin da nake naɗawa.

Sai maganar rediyo. Kabon yana ɗaukar lantarki, don haka yana tare sigina, in ka sa na'urar GPS a cikinsa shiru za ka ji, roka ta sauka da laima can nesa kai kana ta yawo kana nema. Gilas ba ruwansa, sigina wucewa take. Masu aiki da kabon dole su mayar da eriya cikin hancin rokar, shi kuma hancin su yi shi da gilas ko roba. Ga shi baƙin jiki in ya sha rana a filin harbi yana zafi sosai, ifoksin da ba a gasa shi da zafi bayan ya bushe ba yana iya yin laushi.

Ƙura kam dukansu mugaye ne, takunkumi mai kyau da safar hannu dole, kuma ka jiƙa samfefa da ruwa kafin ka goga. Ta kabon ma tana iya haɗa wuta in ta shiga kayan lantarki.

Naɗin kansa iri ɗaya ne. Ka samu bututun alminiyam miƙaƙƙe, ka lulluɓe shi da ledar Mylar ninki biyu, ka ɗora yadin a sikeli ka dama ifoksi kusan daidai nauyinsa, kuma ifoksi na jiƙa yadi mai jinkirin kamawa, ban da ɗan minti biyar ɗin nan, zai daskare maka kana tsakiyar aiki. Ni da yadi mai oza 6 (nauyin murabba'in yadi ɗaya ke nan) zagaye biyar nake yi, ina ja a hankali kar zaren ya karkace. In ya bushe ya ƙi zaruwa kar ka buga shi da guduma, cika cikin alminiyam ɗin da ƙanƙara ka ɗan jira, zai tsuke ya sake shi.