Wasiƙa daga Kuala Lumpur zuwa ga malamina a Zariya, kafin tawagarsu ta taso

Allah ya gafarta Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya iyali, ya mutanen Kongo da Samaru? Saƙonku ya iso ni, na kuma yi murna da jin cewa Malesiya kuka zaɓa don ziyarar da malaman fannin kasuwanci za su kawo. Kun ce in faɗa muku abin da za ku tarar da abin da ya kamata ku tanada. Shekarata shida ke nan a nan, ina aiki da wani kamfanin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ta Port Klang, don haka abin da zan faɗa wanda na gani ne da idona, na kuma biya da aljihuna.

Na karanta jadawalin da kuka turo. Akwai jami'o'i biyu, akwai tagwayen benayen Petronas, akwai zaman lacca a otal. Duk ba laifi. Amma ina roƙonku ku ƙara abu ɗaya, kuma a Zariya za a yi shi tun kafin a hau jirgi: kowane malami ya ɗauki littafi da biro ya wuni a kasuwar Sabon Gari. Ya rubuta kuɗin mudun shinkafa da kwalbar man gyaɗa, ya tambayi mai shago wajen wa yake saro kaya, wa yake ba shi bashi, nawa yake kashewa a man janareta a mako, minti nawa yake tsare mai saye yana jiran alat ya shigo. Na ga tawagogi sun zo nan daga gida sun koma da hotuna da jakunkunan tsaraba kawai, domin ba su zo da ma'aunin da za su gwada abin da suka gani da shi ba.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Biza tun daga gida ake nemanta, kuma wasiƙar gayyata daga jami'ar da za ta karɓe ku ita ce ginshiƙi, a fara da ita. Kowa ya riƙe katin rigakafin shawara, ya cike fom ɗin shigowa na intanet da ake kira MDAC cikin kwana uku kafin isowa. Kada kowa ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba, ko na wane ne, dokar ƙwaya a nan tana da tsanani ƙwarai. Kilishi ma a bar shi a gida, ba a shigo da nama sai da izini. Naira ba ta canzuwa a nan, ku zo da dala sababbi marasa tabo. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. Agogonsu yana gaban namu da awa 7. Daga filin jirgi na Sepang akwai jirgin ƙasa da zai kai ku KL Sentral, babbar tashar jiragen ƙasa ta Kuala Lumpur, cikin kusan rabin awa a kan ringit 55 (ringit ne kuɗin ƙasar), amma tawaga mai kaya gara ta ɗauki bas.

Abin da na fi so ku tsaya a kansa shi ne farashi. A nan doka ce mai kanti ya rubuta kuɗin kayansa, kuma da kilo ake awo, a kan sikelin da ma'aikatan gwamnati suke dubawa su manna masa shaida. Idan salla ko sabuwar shekarar Sinawa ta gabato, gwamnati tana ƙayyade kuɗin wasu kayan abinci, a saka musu takarda ruwan hoda don kowa ya gane. Man girki na leda, kilo ɗaya, ringit 2.50 ne saboda tallafi. Yaro ɗan shekara bakwai zai je aike ya dawo da canji daidai, ba wanda ya duba fuskarsa kafin ya yanka masa kuɗi. Wannan ya burge ni tun zuwana, har yau kuma yana burge ni. A wurinmu mudun wannan ba na wancan ba ne, tiya ma haka, kuma wanda bai iya ciniki ba shi ke biyan kuɗin wanda ya iya.

Sai dai, Malam, akwai abin da na rasa. Shekara shida ban ji mai kaya ya ce mini "albarka" ba, balle in ƙara ya ce "na sallama". Ba wanda ya taɓa yi mini gyara. A Tudun Wada mai shagon layinmu yana ba mahaifiyata kaya har ƙarshen wata, ya rubuta a littafi, ba jingina ba shaida, sanin asali kawai. Wannan ma tsarin bashi ne, yana kuma riƙe gidaje da yawa, ina ganin ya cancanci a nazarce shi a aji kamar yadda ake nazarin na banki.

Biyan kuɗi kuma, za ku ga mai sayar da shayi a bakin titi da 'yar takarda mai lambar DuitNow, tsarinsu na tura kuɗi nan take, ka haska da waya, kuɗi sun shiga kafin ya miƙo maka kofi. Lamba ɗaya ce ta karɓi kowane banki. Kada wannan ya sa kowa ya raina gida: tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ya fara a Nijeriya tun 2011, DuitNow kuwa sai ƙarshen 2018. Bambancin shi ne a nan wuta ba ta ɗaukewa, sabis ba ya yankewa, shi ya sa ba za ku ga mai POS a ƙarƙashin laima yana sayar wa mutane da kuɗinsu ba. Mai walda da mai firji a nan ba su san kuɗin janareta ba, kuma wannan yana cikin kowane farashi da za ku gani.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Akwai gidajen abinci na Indiyawa Musulmi da ake kira mamak, da yawansu ba sa rufewa dare da rana, kuma kusan kowane babban kanti da tashar mai suna da ɗakin salla. Musulmin nan Shafi'iyya ne, za ku ji ƙunuti a bayyane a sallar asuba. Kaza da kifi suna da araha. Amma nama, gida ya fi nesa ba kusa ba. Yawancin jan naman da ke kasuwa daskararre ne daga Indiya, na rago daga Ostareliya, albasa ma shigo da ita ake yi. Duk ranar da na sayi tumatir 'yan ƙwaya a leda sai in tuna kwandunan da ke ruɓewa a bakin hanyar Kano lokacin kakarsa. Muna da kayan da su suke saye da kuɗin waje, abin da ba mu da shi ɗakin sanyi ne da motar da za ta kai shi da rai. Ku nemi a kai ku babbar kasuwar sari ta Selayang da asuba ku ga yadda ake sauke kayan gwari.

Wurare biyu nake so ku matsa a saka muku. Na farko Tabung Haji, asusun adashin aikin hajji da aka kafa a 1963 bisa shawarar masanin tattalin arziki Ungku Aziz, malamin jami'a kamarku. Ya lura manoma suna ɓoye kuɗi a gida ko su sayar da gona don su sauke farali, sai ya kawo tsarin da za su tara a hankali ana juya musu kuɗin ta hanyar halal. Na biyu JAKIM, hukumar da ke ba da shaidar halal. Mu da muka tashi cikin Musulmi ba mu ɗauki halal abin takarda ba, amma a nan ana bin kaya tun daga mayanka har rumbun ajiya da motar da ta ɗauko shi, kuma wannan tambarin ne yake buɗe musu kasuwannin waje. Masu citta da riɗi da fata na wajenmu suna buƙatar jin wannan.

Idan aka kai ku hukumar manja, don Allah kada wani ya tashi ya ce daga Nijeriya suka ɗauko iri a shekarun 1960. Asalin kwakwar manja daga Afirka ta Yamma ne, wannan gaskiya ne, amma gonar kasuwanci ta farko a nan an dasa ta tun 1917 a Tennamaram, jihar Selangor. Tambayar da za ta amfane mu ita ce yadda FELDA, hukumar raya filayen noma da aka kafa a 1956, ta zaunar da marasa gona ta haɗa su da injin matsa da mai saye.

Masana'antu ba a kai musu ziyara haka kawai. Suna son sunaye da lambar fasfo makonni kafin ranar, kuma ƙarfe tara a wurinsu ƙarfe tara ne. Ranar shiga masana'anta a ajiye babbar riga, a sa kaftani mara yalwa da takalmi rufaffe. Ku buga katin suna, da hannu biyu ake miƙa shi, kuma wanda yake da laƙabin Datuk ko Tan Sri a kira shi da shi. Ku kauce wa makon ƙaramar salla da na sabuwar shekarar Sinawa, gari yana watsewa kowa ya tafi ƙauyensu. Ku taho da laima, ruwan la'asar ba ya sallama.

Tsarabar da za ku ba masu masaukinku, kada ku saye ta a filin jirgi. Ku sa a ɗinka huluna na hannu a cikin birni, ku haɗa da 'yan jakunkunan fata. Na ba shugabana hula ɗaya shekara biyu da suka wuce, ya daɗe yana juya ta yana tambayar kwana nawa aka yi ana ɗinkinta, da na faɗa masa kuɗinta a gida bai yarda ba. Irin wannan aikin hannu a nan sai mai hali.

Ku turo mini ranar sauka da lambar jirgi da zarar an yanki tikiti, zan ɗauki hutun kwana biyu in raka ku Port Klang da Selayang da kaina. Idan da wuri a jaka, ina roƙon kuka da daddawa kaɗan, a ɗaure su da kyau a kuma nuna su ga jami'an filin jirgi. A gaida Hajiya da yara.

Ɗalibinku.