Sharhi kan gwajin tsakiyar gani da aka yi mini a wani asibitin ido a Ikeja

Ɗinki nake yi a Agege, kuma abin da ya kai ni wannan asibiti shi ne layin ɗinki da na riƙa gani a lanƙwashe da idon dama, alhali na san a miƙe yake. Na sauya tabarau, amma hakan bai yi amfani ba.

An fara da allon haruffa mai nisan mita 6, na karanta har layin 6/9, wato dab da layin da mai lafiyayyen ido ke iya karantawa. A wasu wuraren daga nan ake sallamar mutum a ce idonsa lafiya lau, shi ya sa nake yaba wa likitar da ta duba ni. Ta ba ni takardar Amsler mai layukan murabba'i da ɗigo a tsakiya, ta ce, "Alhaji, ku rufe ido ɗaya, ku riƙe ta a nisan karatu, ku kafa ido a kan ɗigon." Da idon hagu komai daidai, amma da na dama sai layukan gefen ɗigon suka karkace.

Daga nan aka ɗauki hoton bayan idon da na'urar OCT, wadda ba ta taɓa ido ko kaɗan. A fuskar kwamfuta likitar ta nuna mini wani siririn tantani da ya fito a kan makula, wato tsakiyar retina (shimfiɗar da ke karɓar haske a can bayan ido) da mutum ke karatu da gane fuskoki da ita, yana jan wurin har ya tattare. Ta bayyana cewa an fi samunsa bayan shekara 50, cewa tabarau ba ya gyara shi, kuma idan ya tsananta ana ɓare shi ta hanyar tiyata, ko da yake karkacewar ba lallai ta gushe gaba ɗaya ba, sannan yanar ido kan yi saurin biyo baya. Wannan faɗin gaskiya ya kwantar mini da hankali matuƙa.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: ba a faɗa mini tun wurin karɓar kati cewa maganin ɗigawa da ke buɗe ƙwayar ido zai dusashe ganina na sa'o'i ba. Na fito cikin rana tsaka ina ƙyafta ido, da kyar na gane motar Agege. Wanda zai je ya tafi da ɗan rakiya da baƙin tabarau, kada kuma ya yi tuƙi.

A yanzu an ɗage maganar tiyata, an ce in riƙa duba takardar a gida, in koma nan take idan karkacewar ta ƙaru.