Zoɓo, koren shayi ko kafso: me mai mura zai saya don hantarsa?

Da hunturu ya kankama a Kano, mura ta fara bin gida-gida, sai tallan magungunan "wanke hanta" ya yawaita. Wasunsu da sunan filabonoyid ake sayar da su, wato sinadaran da ke ba wasu tsirrai launi da ɗan bauri, masu rage ɓarnar da kumburi ke yi a jiki. Gaskiya ne mura mai zafi, wadda likitoci ke kira infuluwenza, takan taɓa hanta. A gwajin jinin wasu ana ganin ALT da AST, sinadaran da ke nuna halin da hanta ke ciki, sun ɗan haura, su kuma sauka bayan an warke. Sai dai binciken da ya nuna kwasetin da rutin, wasu nau'o'in filabonoyid, suna kare hanta a wannan hali, yawancinsa a kan ɓeraye aka yi.

Ni dai a fara da zoɓo. Yana da araha, kuma jan launin nan nasa filabonoyid ne. A Kasuwar Rimi ko Kurmi, ɗebi kaɗan ka murza: mai kyau ja ne wur har ya doshi baƙi, ya bushe ƙayau, babu warin fumfuna. A dafa shi da citta da kanumfari, a sha da ɗumi, a rage sukari. Mai shan maganin hawan jini ya sassauta shan zoɓon, domin zoɓo ma yana saukar da jini.

Albasa ja ta 'Yankaba tana da kwasetin, mafi yawansa a saman-saman, don haka kada a ɓare ta da zurfi. Lemon zaƙi na 'Yan Lemo kuwa a ci shi har da farin ɓargon ciki, ba a tsotse ruwan a yar ba. Zogale ma ya shiga sahu.

Inda nake so a natsu shi ne koren shayi. Kofi biyu ko uku a yini ba laifi. Amma kafson da aka tattara sinadarinsa wani abu ne daban. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa shan miligiram 800 ko fiye na EGCG, wato babban filabonoyid ɗin koren shayi, a rana ta hanyar irin waɗannan ƙwayoyi yana da alaƙa da hauhawar sinadaran hanta irin su ALT da AST a jini. Wato abin da aka saya da tsada don kare hanta shi ne zai iya wahalar da ita. Idan dole sai ka sayi kafso, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma a ce an rubuta adadin miligiram. Haɗin gargajiya na jarka wanda ba a san abin da ke cikinsa ba, a bar shi, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B.

Kafin ka bar kemis, karanta kwalin maganin murar da aka ba ka. Da yawansu akwai farasitamol a ciki, mutum ya haɗa da wani farasitamol ɗin bai sani ba. Babba kada ya wuce giram 4 a rana. Yaro mai mura kuma ba a ba shi asfirin, saboda yana iya jawo masa cutar Reye mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa.

Idan ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ko numfashi yana sarƙewa, a tafi asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a yi gwajin hanta. Mai juna biyu, tsoho da mai ciwon sukari su ga likita da wuri, domin oseltamivir, maganin infuluwenza, ya fi aiki a cikin awa 48 na farko da fara ciwon.