Gidan gasasshen kifi a Mola: abincin ya yi, littafin bashin ne ya tsaya mini a rai

Da hutun da ya wuce na bar birnin Makassar na ƙasar Indonesiya, inda nake karatu, na bi ta Kendari na hau jirgin ruwa zuwa Wanci a tsibirin Wangi-Wangi. Kwana huɗu na yi a Mola, unguwar masuntan Bajo da aka gina a kan turaku da tarin duwatsun murjani, kuma kullum a wata rumfa ta bakin gada nake cin na rana.

Abinci kam sai son barka. A gabanka za a zaɓi kifin da aka kamo da asuba, a gasa shi da ɓawon kwakwa, a kawo da yankakken tumatir, barkono da lemun tsami. Ana haɗa shi da kasuami, turararren garin rogo mai tsini kamar hula, wanda na fi so da zafinsa don idan ya huce yana tauri. Rufiya dubu 35 na biya har da shayi. Mutanen Musulmi ne, ban yi fargabar abin da ke tukunya ba. Ruwan wanke hannu kaɗan ake ba ka, kada ka ga rowa, daga tudu ake sayo shi a jarka.

Sai dai rumfar ba gidan abinci ba ce kawai. Ta baya akwai sikeli, akwatunan ƙanƙara da jarkokin mai, kuma mijin mai abincin shi ne wanda masunta ke kira bos. A gabana wani dattijo ya kawo gurita, wannan halittar ruwa mai hannuwa takwas. Aka auna, bos ya faɗi farashi, ya buɗe littafi ya cire kuɗin mai da shinkafa da sigari. Abin da ya rage bai kai kuɗin farantina biyu ba. Dattijon bai yi ciniki ba, don injin kwale-kwalensa ma bos ne ya saya masa, kuma sharaɗin shi ne ba zai kai kamunsa wurin kowa ba.

Na tambayi matar bos ɗin: "Baba, yaushe bashin zai ƙare?" Ta ce idan iska ta taso aka yi makonni ba a fita teku, ko yaro ya kwanta ciwo, wa ke ba su in ba mijinta ba? Gaskiya ta faɗa, banki ba ya kallon wanda ba shi da takardar fili. Amma na tuna manomin garinmu da ke cin bashin hatsi da damina ya biya ninki da kaka. Ga kuma gandun ruwa na Wakatobi, wato yankin waɗannan tsibirai, da aka kafa a 1996, wanda ya ware wuraren da ba a kamun kifi, don haka tafiya ta ƙaru, man da ake ci bashi ma ya ƙaru.

Wanda ya je ya ci, ba zai yi da-na-sani ba. In kuma yana son zagaya unguwar a kwale-kwale, ya yi magana da masuncin kai tsaye ya damƙa masa kuɗin a hannu. Haka na yi da dattijon ranar da zan tafi, rufiya dubu 100, kuma ba su shiga littafin ba.