Faifan Unplugged na Eric Clapton: abin da ya saura bayan an cire lantarki

A ranar 16 ga watan Janairun 1992, Eric Clapton ya zauna a kan kujera a ɗakin ɗaukar shirye-shirye na Bray da ke kusa da Windsor a Ingila, ya yi wasa a gaban 'yan kallo kaɗan domin shirin gidan talabijin na MTV, wanda sharaɗinsa shi ne makaɗi ya ajiye kayan lantarki ya ɗauki na katako. Daga wannan zama ne aka fitar da faifan Unplugged a watan Agustan shekarar, mai waƙoƙi 14 da suka ɗauki kimanin awa guda. Mutumin da duniya ta sani da ƙarar jitar lantarki tun zamanin ƙungiyar Cream, sai ga shi yana da shekara 46 ya tsaya daga shi sai yatsunsa da muryarsa, babu wata na'ura da za ta rufa masa asiri idan hannu ya kuskure.

Yawancin masu neman faifan nan saboda waƙoƙi biyu suke nemansa, wato "Tears in Heaven" da "Layla", amma ni a ganina darajarsa tana can cikin tsofaffin waƙoƙin buluz, kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka wanda Clapton ya taso yana koyo daga faya-fayai tun yana matashi. A "Hey Hey" ta Big Bill Broonzy, shi da Andy Fairweather Low ne suke tafiyar da kiɗan, babban yatsa yana riƙe da bugun ƙasa ba ya sassautawa, sauran yatsun kuma suna ɗauko karin a sama, har mai sauraro ya manta cewa babu ganga a wajen. A "Walkin' Blues" kuwa ya sa ɗan bututu a yatsa yana zamewa a kan tsirkiya, sautin yana fita da kaushi da ɗan rawa, kuma ana jin ƙarar shafar ƙarfen, abin da a ɗakin ɗaukar sauti sau da yawa akan goge shi. "Malted Milk" ta Robert Johnson ita ce ta fi ratsa ni, domin ya rera ta a hankali ba tare da ƙoƙarin kwaikwayon siririyar muryar mai ita ba, ya bar tazara tsakanin baiti da baiti yadda kowace tsirkiya za ta gama faɗin abin da take faɗa. Wanda kunnensa ya saba da gurmi ko garaya zai gane wannan hali nan take, inda makaɗi da mawaƙi mutum ɗaya ne, hannu yana amsa wa baki.

Game da "Tears in Heaven", wajibi ne a san abin da ya haife ta. Ɗansa Conor, mai shekara 4, ya rasu a watan Maris na 1991 bayan ya faɗo daga tagar wani dogon bene a birnin New York, kuma Clapton ya rubuta waƙar tare da Will Jennings. Bai cika shekara da rashin ba lokacin da ya zauna a Bray. Abin da ya sa waƙar ta yi nauyi a nan shi ne yadda ya danne kansa, bai ɗaga murya ba, bai ƙawata kiɗan ba, 'yan amshinsa Katie Kissoon da Tessa Niles ma sun tsaya a baya can.

"Layla" ce nake da ja a kanta, ko da yake na san ita ce ta fi jan kasuwa. Asalinta na 1970 waƙa ce ta mutumin da so ya hana shi sukuni, jita biyu suna kuka, tasa da ta Duane Allman, sannan fiyano ya rufe da dogon kari. A nan an rage mata sauri, an sauko da muryar ƙasa, an cire ƙarshen fiyanon gaba ɗaya. Sabuwar sigar tana da daɗin ji, kuma tafin 'yan kallo lokacin da suka gano ta yana da armashi, sai dai zafin da ke cikin kalmomin ya huce. Haka nan a wasu wuraren yawan makaɗan ya sa kiɗan ya yi santsi fiye da kima, musamman a "Signe" da ta buɗe faifan, wadda ba ta bar mini komai a rai ba. Ban haɗa da Chuck Leavell a wannan suka ba, domin abin da ya yi da fiyano a "Old Love" ya isa dalilin saurarenta har ƙarshe duk da tsawonta na kusan minti 8.

Ingancin ɗaukar sautin, wanda Russ Titelman ya jagoranta, yana cikin abubuwan da suka sa faifan bai tsufa ba. Ana bambance jitar Clapton da ta abokinsa Andy Fairweather Low ba wahala, bugun ƙasa na Nathan East, mai kaɗa jitar bas, bai danne komai ba, kuma an bar ƙananan abubuwa na wasan kai tsaye, kamar yadda aka fara "Alberta" aka tsaya aka sake. Jitar da ya fi amfani da ita a daren, Martin 000-42 ƙirar 1939, an yi gwanjonta a 2004 a kan dala 791,500, kuɗin kuma ya tafi cibiyar Crossroads da ya kafa a Antigua domin masu fama da shaye-shaye. A bikin Grammy na 1993, wato bikin karrama mawaƙa na Amurka, Clapton ya tafi da kyaututtuka 6, ciki har da ta faifan shekara, kuma shekara biyu bayan zaman Bray ya fitar da From the Cradle wanda buluz ne zalla.

Ga mai niyyar saye, na fi ba da shawarar bugun 2013 da aka faɗaɗa, domin ya ƙunshi waƙoƙin da aka bari a baya, irin su "Circus" da "My Father's Eyes", tare da bidiyon wasan da na atisayen da aka yi kafinsa. A saurare shi da abin sawa a kunne ko lasifika mai kyau, domin lasifikar waya tana cinye bugun babban yatsan nan da "Hey Hey" ta dogara a kansa.