Mako uku 'yata tana alhudahuda

Dogon hutun makarantun Ingila mako shida ne, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kuma duk uwar da ke fita aiki a ƙasar nan ta san ciwon kan da ke cikinsa. Nawa ciwon kan ya ɗan fi na maƙwabta, domin babbar 'yata, mai shekara 13, kurma ce tun haihuwa. Tana sa na'urar ji, amma harshenta na gaske maganar hannu ce ta Birtaniya. Na sha kai ta wuraren da suka rubuta "kowa namu ne" a takardar talla, in dawo ɗaukarta in tarar da ita a kan benci ita kaɗai tana wasa da igiyar takalmi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da wata abokiyar aikina ta turo min sanarwar wani shirin wasan kwaikwayo na matasa a nan Manchester, wai na masu nakasa da marasa nakasa a haɗe, ban ko buɗe ba sai bayan kwana biyu.

Abin da ya sa na tsaya shi ne sunan wasan. Manɗiƙuɗ Ɗairi za su yi, wato zancen tsuntsaye, waƙar Shehu Fariduddini Aɗɗar, mutumin Naisabur ta ƙasar Iran, wanda ya rasu wajajen 1221. Ni 'yar gidan ɗariƙa ce daga cikin birnin Kano, kuma ko da ban taɓa karanta littafin ba a lokacin, sunan bai yi min baƙo ba, tunda daga aya ta 16 ta Suratun Namli aka ɗauko shi, inda Annabi Sulaimanu yake cewa an sanar da su zancen tsuntsaye. Na kira Hajiyarmu na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke, littafin bayin Allah za a yi wa wasan kwaikwayo? Turawan?" Na ce, "Hajiya, ku dai sa mana albarka, in na ga abin da bai dace ba zan cire ta." Ta ce to, amma irin "to" ɗin da na san ba a gama magana ba.

Kuɗin shiga hawa uku ne, kowa ya zaɓi wanda aljihunsa zai ɗauka, ba wanda ya tambaye ni takardar albashi. Litinin zuwa Juma'a, goma na safe zuwa uku na rana, mako uku, sannan a nuna wasan sau biyu a ƙarshe. Kafin a fara, mai ba da umarnin ta kira ni ta bidiyo, kuma abin da ya fara sa na yarda da ita shi ne ba ni ta riƙa kallo ba. Yarinyar take tambaya kai tsaye, ta hannun tafinta: ina kike son tsayawa don ki ga kowa, fitila mai walƙiya tana damun ki, kina son a taɓa kafaɗarki in za a kira ki ko a ɗaga hannu. Ba a taɓa yi mata waɗannan tambayoyin ba a wani shirin hutu.

Labarin, ga wanda bai sani ba: tsuntsayen duniya ne suka taru suka ga ba su da sarki. Alhudahuda, tsuntsun nan da ya kai wasiƙar Annabi Sulaimanu ga sarauniyar Saba, ya ce musu ai suna da sarki, sunansa Simurg, yana bayan Dutsen Ƙaf, sai dai hanyar akwai nisa. Nan kowa ya fara kawo uzuri. Bulbul ya ce ba zai iya rabuwa da furen da yake so ba. Agwagwa ta ce ita kullum tana cikin ruwa, ba wanda ya kai ta tsarki, me za ta je nema. Shaho ya ce hannun sarki ya ishe shi matsayi, mujiya kuma tana gadin dukiyar da take zaton tana binne a kufai. Alhudahuda ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana warware musu uzurinsu. Waƙar ta kai baiti wajen 4,500 da Farisanci, su kuwa yaran nan an matse musu ita cikin minti hamsin.

A rana ta uku 'yata ta dawo gida ta ajiye jaka, ta ɗora tafin hannunta a ka ta buɗe yatsu kamar tukku. Ban gane ba. Ta maimaita, tana dariya. Ashe ita aka ba alhudahuda, jagoran tafiyar, wanda ya fi kowa magana a wasan. Gabana ya faɗi. Na yi zaton irin abin nan ne na a faranta wa nakasasshe, a ba ta suna babba sannan wani ya yi aikin. Ba haka aka yi ba. Ita take faɗar komai da hannu a tsakiyar dandamali, wani yaro kuma da ya fito a inuwarta yana bin ta a baya yana furtawa da baki, kuma shi aka horar ya jira ta, ba ita za ta bi shi ba. In ta tsaya, ya tsaya. Sauran yaran ashirin da ɗaya duk sai da suka koyi alamar tsuntsun da kowannensu yake, da alamomin "jira", "sake", "na gane". Alamar shigarta kuwa ganga ce. Daɓen zauren na katako ne, ana buga babbar ganga a ƙasa, ita kuma ba takalmi, tana jin bugun a tafin ƙafarta. Na zauna a gwaji ɗaya na ga yadda yatsun ƙafarta ke ƙirga bugun, ɗaya, biyu, uku, sai ta ɗaga kai ta fito. Na fita waje na share ido na dawo.

Ba ita kaɗai aka yi wa wannan tunanin ba. Yarinyar da ta fito a ɗawisu a keken guragu take, an ɗaura wutsiyar a bayan keken da sandunan gora da tsofaffin gyale, in ta juya sai wutsiyar ta baje ta cika rabin dandamali, ba wanda ya fi ta kwarjini. Wani yaro da hayaniya ke birkita shi an ba shi mujiya, mazauninsa a lungu, da ƙofa kusa da shi in ya ji yana son fita.

Mai ba da umarnin ta gaya mana a taron iyaye cewa ta leƙa tsarin wannan wasan da Peter Brook, mai ba da umarni ɗan Ingila, da Jean-Claude Carrière, marubuci Bafaranshe, suka nuna a bikin wasan kwaikwayo na Avignon a Faransa a 1979. Da na bi diddigi sai na tarar ashe Brook ya taso da 'yan wasansa a ƙarshen 1972, suka ƙetare Sahara suka bi ta Agadas da Damagaram da Kano, suna shimfiɗa darduma a fili suna wasa a gaban duk wanda ya tsaya. Na ce wa maigida ashe tsuntsayen nan sun riga mu sanin hanyar gida.

To, ba duka ne zuma ba. Tafinta ɗaya suka ɗauka. A mako na biyu ta yi rashin lafiya kwana biyu, ba wanda ya maye gurbinta, kuma ba a sanar da ni ba sai da na zo ɗaukar yarinya na ga fuskarta. Kwana biyu jagorar wasa tana zaune ana tattauna wasanta a kanta, ana rubuta mata guntayen bayani a allo in an tuna. Sun ba da haƙuri, sun kuma biya mata da ƙarin gwaji ranar Asabar, amma shirin da ya gina komai a kan hannun yarinya ɗaya bai kamata ya dogara da lafiyar mutum ɗaya ba. Sai ƙananan abubuwa: jadawalin makon ƙarshe ya canza sau uku, kuma wurin sallar azahar sai da na tambaya kafin aka buɗe mata wani ɗakin ajiye kujeru.

Babban abin da ya tsaya min a rai daban ne, kuma shi ne abin da Hajiya ta hango tun daga Kano. A cikin makonnin nan na sayi fassarar littafin ta Ingilishi ina karantawa da dare. Tsuntsayen suna ƙetare kwari bakwai: nema, so, ma'arifa, wadatuwa daga komai, tauhidi, ɗimuwa, sai na ƙarshe, talauci da fana'i. Dubbai suka tashi, talatin suka isa. A Farisanci "si" talatin ne, "murg" tsuntsu, wato sunan sarkin da suke nema shi ne adadinsu. A dandamali an yi wannan wurin da kyau ƙwarai. Yara ashirin da biyu ne, sai suka sauko suka jawo mutum takwas daga cikin 'yan kallo don a cika talatin, aka juyo da wasu manyan madubai, kowa ya ga kansa. Zaure ya ɗauki tafi, wasu na ɗaga hannu suna kaɗawa, wanda shi ne tafin kurame. Sai inuwar alhudahuda ya rufe da cewa sarkin da kuke nema ku ne, ku yarda da kanku.

Nan na ji wani abu ya tokare ni. Aɗɗar bai faɗi haka ba. A littafin, tsuntsayen sun isa fige-fige, ba gashi ba ƙarfi, mai tsaron ƙofa ya fara korar su, sannan aka miƙa musu takarda suka karanta duk abin da suka aikata, kamar yadda 'yan'uwan Annabi Yusufu suka ga takardar cinikinsa, kunya ta kashe su. Bayan nan ne suka ga madubin, kuma ba su tsaya suna sha'awar kansu ba, ɓacewa suka yi kamar inuwa a cikin rana. Duk wanda ya taɓa zama a gefen zikiri ya san fana'i ba yarda da kai ba ne, rasa kan ne gaba ɗaya. An cire labarin Shehu San'an, malamin da ya bar almajirai 400 saboda son wata budurwa har ya yi kiwon aladu, kuma wannan ban yi ƙorafi ba, yara ne. Amma cire Allah daga waƙar da ba ta da wani batu sai Shi, wannan kamar a yi miyar kuka ne ba kuka. Na faɗa wa mai ba da umarnin haka bayan wasan, cikin ladabi. Ta ce yaran addinansu daban-daban ne, wasu ma ba su da shi, ba ta so kowa ya ji an ware shi. Na gane ta. Sai dai da an bar madubin ya yi aikinsa an yi shiru, ba tare da jimlar ƙarshen nan ba, da kowa ya tafi da abin da ya gani, da 'yata da ɗan maƙwabta.

A mota na tambayi yarinyar me ta fahimta. Ta ce ita ba ta ma san abin da inuwar ya faɗa ba, domin a wurin ta riga ta sauke hannuwanta kamar yadda aka tsara, tana kallon madubi. Abin da ta gani kawai shi ne fitilar ta yi ƙarfi har ta daina ganin fuskarta.

Na tura wa Hajiya bidiyon. Ta kalla sau biyu, ta aiko da saƙon murya tana tambayar wa ya ɗinka tukkun nan na kanta, kuma me ya sa aka bar jikarta ba takalmi a gaban jama'a. Na riga na cike takardar baɗi. A gurbin da aka ce a rubuta buƙata ta musamman, na rubuta tafinta biyu.