Saƙo daga Hambug: su ma nan jira suke yi

Assalamu alaikum 'yan fadarmu ta Zango, ina gajiya, ya zafin Damagaram. Kun dame ni da tambaya wai da gaske ne a Jamus komai da lokacinsa, to ku gyara zama, abin ba haka yake ba sam.

Mu fara da jirgin ƙasa tunda shi ne abin hawan kowa. A 2024 kamfanin jiragen ƙasa na Jamus da kansa ya fitar da lissafi, jiragen dogon zango kashi 62.5 cikin ɗari ne kawai suka iso kan lokaci, kuma a wurinsu in jirgi bai kai minti 6 da makara ba to bai makara ba, wanda aka soke gaba ɗaya ma ba ya shiga lissafin, kun ga wayo. Wallahi motar kar ɗin Yamai da ke tashi da asuba ya fi wasunsu cika alkawarin tashi. Amma ga inda suka sha gabanmu, allo na tasha zai rubuta maka minti nawa ne, ya faɗi dalili, ko gyaran layi ko jiran wani jirgin, in makarar ta kai awa ɗaya ka cike takarda a mayar maka da kashi 25 na kuɗin tikiti, awa biyu rabi. Jirgin sama kuwa dokar Tarayyar Turai ta ce in makarar ta kai awa 3 kuma laifin kamfani ne, diyya daga yuro 250, wajen jaka 164 kenan na sefa. Ku tuna sau nawa muka kwana gefen hanya mota ta lalace, ko sannu direba bai ce ba.

Manyan ayyukan gwamnati ma haka. Filin jirgin saman Balin an fara gini 2006, aka ce za a buɗe 2011, sai ƙarshen Oktoba 2020 aka buɗe, babbar matsalar na'urorin kariya daga gobara ce, kuɗin ya ninka ya ninka. Har gobe barkwanci suke da shi. To amma duk ɗagewar da aka yi jaridu sun buga tsohuwar rana da sabuwa, majalisar birnin ta kafa kwamitin bincike, magajin garin Klaus Wowereit sai da ya sauka daga shugabancin hukumar filin a 2013. Mu kuwa madatsar Kandaji tun 2008 marigayi Tandja ya aza tubali, yaran da aka haifa shekarar sun zama samari. Layin dogon Yamai zuwa Dosso an shimfiɗa, an yi biki, ina fasinja? A rediyo sai ka ji "nan ba da jimawa ba", ba wata ba shekara, to ranar da ba a sa ba ta yaya za ka ce an saɓa ta. Ruwan pampo kuma ba sai na faɗa muku ba, ku ke tashi tsakar dare jera bido, ku ke sauraron 'yan ga-ruwa.

Sai dai fa kar ku ɗauka nan aljanna ce. Komai sai randebu, wato sai an sa maka rana. Likitan fata ko na ido sai a ba ka wata biyu wata uku, mai gyaran pampo sai ya duba littafinsa, ofishin takardun baƙi kuwa a nan gashin mutum ke furfura, kuma ba wani ɗan uwa da zai shigar da kai ta bayan gida. A gida babur ya lalace ka tura shi bakin kasuwar Dole, kafin ka gama shan shayi an gama, kuɗin ma ka ce sai gobe. Wannan ina kewarsa ƙwarai. Lahadi nan manyan kantuna a rufe suke, in sukari ya ƙare maka sai Litinin ko ka je tashar mai ka saya da tsada.

Batun kayan da na sa a kontena, firiji da kekunan ɗinki biyu, ku ce wa Inna ta yi haƙuri. Tunda aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ba sa bi ta Kwatano kamar da, sai Lome, su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar sojoji, daga Yamai kuma a sake lodi zuwa Damagaram. Mai kontenar ya ce kafin azumi, ni dai kar ku yi wa tela alkawarin keke sai kun gan shi a ƙofar gida.